A Tawa Kwamfutar Dai Yana Aiki

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu gina shafukan intanet ya haddace jimlar nan tasu: "Ni dai a tawa kwamfutar yana aiki." Da ita ake rufe bakin abokin aikin da ya sauke shafi, ya kunna, allo ya cika da jan rubutu ana cigiyar wani ƙunshi. Kuma ba ƙarya ba ne, a tasa yana aiki. Tun da azumi ya girka ƙunshin a kwamfutarsa shi kaɗai, bai tura wa kowa package.json ba, wato fayil ɗin da ke lissafa kayan aron da manhajar ke tsaye a kansu. Tun 2017 npm, manhajar girka ƙunshi, da kanta take rubuta sunan abin da ka girka a cikinsa. Turawar ce kawai ta rage wa ɗan Adam, ita ce kuma ta gagara.

Manhajar zamani ai kusan duk aro ce. Ka gayyaci ƙunshi ɗaya ya taho da abokansa, su ma kowa ya jawo 'yan ɗakinsu, gayyar soɗi sak. Kafin ka ankara node_modules, jakar da ake tara kayan aron, ta cika maƙil da ɗaruruwan baƙin da ba ka san iyayensu ba. Akwai wani mai suna is-even, iyakar aikinsa ya faɗa maka ko lamba tana rabuwa biyu cif. Hakan ma ya fi ƙarfinsa, sai ya jingina da is-odd, shi kuma ya jingina da is-number. Lissafin da ɗan firamare ke yi da yatsu ke nan.

A watan Maris na 2016 aka ga ƙarshen kwalliya da kayan aro. Wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya yi fushi bayan taƙaddama da kamfanin Kik a kan sunan wani ƙunshi, ya kwashe ƙunshinsa fiye da 250 daga rumbun npm. A ciki akwai left-pad, layi 11 kacal, mai cike gurbi a hagun rubutu. Nan take manyan ayyuka suka ƙi girkuwa, har da manhajar Babel da dubban shafuka ke dogaro da shi, sai da npm ta maido da ƙunshin.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda ake neman magani. Da jan rubutu ya bayyana, injiniya zai fara tsine wa sabis. Sai ya rufe kwamfuta ya buɗe. Sai ya goge node_modules ɗungurungum, ya buga npm install, ya zuba tagumi yana kallon datarsa ta wata guda tana tsiyayewa. Idan abin ya ƙi, ya ƙara --force, ya kawar da kai kada ya ga gargaɗi. Oga ya leƙo ya ce, "Ka gwada kashewa ka kunna?" Shi ma iyakar iliminsa ke nan, amma albashinsa ya ninka na injiniyan. 'Yan Python kuwa suna gefe suna murmushi, alhali ɗayansu tun safe yake girka ƙunshin Flask yana sake girkawa, bai lura bai kunna venv, keɓantaccen ɗakin kayan aikinsa, ba.

Duk wannan hidima da ake sha, sunan abin da ya ɓata yana nan ɓaro-ɓaro a cikin jan rubutun, har da fayil ɗin da ya neme shi. Kwamfuta ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Karatun ne ake gani kamar zubar da girma: mutum ya gwammace ya kwana yana gwaje-gwaje da ya duba layi biyu, ko ya tambayi abokinsa wane Node yake amfani da shi.

Malam injiniya, kwastoma ba kwamfutarka ya saya ba. Ka karanta jan rubutun tukuna, ka tura package.json tare da package-lock.json, ko kuwa ka naɗe kwamfutar taka ka kai masa gida.