Ta Fito?

Takieta mararraba ce. Motar da ta taso daga Maradi za ta Damagaram nan take ratsawa, saura kimanin kilomita 50 ta isa. Wadda za ta Kance da Matamaye, ta tsallaka Daura ta faɗa Kano, nan take karya kwana. Ko yaron mota na jiya ba ya ɓata hanya a nan. Amma a turo takarda guda daga kwamfutar da ke wannan ɗaki zuwa injin bugawa da ke wancan, taku ashirin kacal, sai ta yi ɓatan dabo, a wuni ana ƙwala wa juna kira ta taga: "Ta fito?"

Tun da aka ɗaga garin ya zama cibiyar gunduma a 2011 biro-biro suka yawaita, kowane da kwamfuta uku ko huɗu da inji ɗaya tal, don inji da tsada, tawadarsa kuma ba ta ƙarewa da cin kuɗi. Sai a yanke shawara a haɗa su a rezo, kowa ya buga daga mazauninsa. A faɗe aikin bai taka kara ya karya ba: a soka waya a bayan inji, a kai ɗaya bakin ga akwatin da ke raba rezo, inji ya samu lambar adireshi irin 192.168.1.20, a rubuta lambar a kowace kwamfuta, a sa mata ƴar manhajar da za ta koya mata yaren injin, a buga shafin gwaji. Iyakarsa ke nan. Sauran duk halin ɗan Adam ne.

Akwai Sarkin Danna. Ya danna "buga", ya kasa kunne, bai ji gurnanin inji ba, ya sake dannawa. A ganinsa kwamfuta kurma ce, sai an nanata mata. Bai san ko ɗaya cikin danne-dannensa bai faɗi ƙasa ba: kwamfuta tana da layin jira, tana jera su ɗaya bayan ɗaya, ba ta mantuwa. Ya gaji ya tafi sallar azahar, daga can ya zarce gida cin abinci. Wajen la'asar wani ya tura wayar da ta zare, inji ya farka ya soma biyan bashi. Rahoto mai shafi goma sha biyu, sau ashirin, ƙunshin takarda mai ganye 500 ya yi rabi. Washegari za ka same shi tsaye a kan tulin yana tafa hannu: "Wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan ɓarna?" Sunansa na ƙasan kowane shafi.

Shi kuwa Shef, tun ranar da aka sauke injin daga mota ya ce a kai masa ɗakinsa. Ba don yana buga komai ba, shi hannu kawai yake sawa. Ai abu mai daraja wurin babba yake zama. Ya kuma hana a ja waya zuwa akwatin rezo, wai kada a huda masa bango. Sai aka liƙa injin a jikin kwamfutarsa, aka buɗe wa sauran hanya su riƙa bi ta cikinta. Haka ma yana aiki, amma da sharaɗi: sai kwamfutar Shef tana kunne. Ranar da aka kira shi taro a Damagaram zai kashe ta, ya lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ya kulle ɗaki ya sa makulli a aljihu. Biro kaf ya zauna zaman jira. Da yamma ya bugo waya yana faɗa don me ba a aiko masa da rahoto ba. "Ranka ya daɗe, injin yana ɗakinka." "To, ba an ce mini da rezo yake aiki ba? Rezo har sai da makulli?"

Sai ɗan koyon aiki, wanda jami'ar Damagaram ta turo na wata uku. Wannan ya san abin, ba a raba shi da sani. Shi ne ya lallaɓa Shef aka huda bangon. Ya iya jero maka ƙofofin da takarda ke shiga inji: ta 9100 wadda kamfanin HP ya fito da ita, ta 631 ta zamani, ta 515 ta mutanen da. Matsalarsa biyu. Ta farko, ba ya aiki sai da ƴan kallo. Zai buɗe baƙin allon nan mai fararen haruffa, ya aika wa inji sallama ya ga ko zai amsa, yana yi yana waiwaye ya tabbatar Hajiya sakatariya na kallo. Da ya zo rubuta adireshi sai allon madannai irin na Faransa ya kunyata shi, don a kansa lambobin layin sama ba su fita sai an riƙe madannin babban baƙi. Ya buga 192, allo ya nuna &çé. Shef da ke tsaye a bayansa ya gyaɗa kai ya ce, "Kun gani? Ilimi ke nan." Yaron bai musa ba, ya goge a hankali ya sake.

Ta biyu ita ce mai tsada. Bai kafe lambar injin ba, ya bar akwatin rezo yana rabawa yadda ya ga dama, kuma akwatin ba ya duba girma, wanda ya riga tashi shi yake ba. Kalmar sirrin shiga akwatin kuwa, ya canza ta don tsaro, ya adana ta a wuri mafi aminci, wato kansa. Wata uku suka cika, aka yi masa addu'a, ya hau mota da kansa da abin da ke ciki. Rannan aka ɗauke wuta aka maido, wayar direban Shef ta riga kowa shiga rezo ta karɓe 20, inji ya tashi da 23. Kwamfutoci huɗu suna ta aika wa wayar direba rahoton ƙarshen wata, shi yana gindin bedi yana shan shayi. In aka kira yaron sai ya ce, "Ina cikin jarrabawa, ku kashe ku kunna."

A irin wannan rana Boka yake bayyana. Kowane gari yana da nasa: jaka a kafaɗa, kle goma na kwafar takardun kwamfuta a ɗaure da zare ɗaya. Ba ya tambayar me ya faru. Ya dubi allo, ya ja tsaki, ya ce ƙwayar cuta ce, sai an wanke kwamfutar gaba ɗaya. Ciwon kai, wankewa. Ciwon ƙafa, wankewa. Ya wanke ta tas, har da jerin sunayen ma'aikata na shekara biyar, inji kuma yana nan a 23 bai san ana yi ba. Sau ɗaya dai duniya ta taimaki Boka. A watan Satumba na 2021 kamfanin Microsoft ya fitar da wani gyaran tsaro na Windows, sai injinan da ake rabawa ta cikin wata kwamfuta suka ƙi bugu a ƙasashe da yawa, allo yana nuna 0x0000011b. Tun daga lokacin ko takarda ce ta ƙare a inji, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Daga Amurka ne."

Alhaji mai kawo kaya shi ma yana da kaso. Yakan bi hanyar Matamaye ya dawo daga Kano da inji na hannu, ƙato, mai kyan gani, a rabin kuɗi. Bai karanta ɗan rubutun da ke bayansa ba. Wanda aka yi don Amurka wutar 110 yake ci, tamu kuwa 220 ce: ƙara ɗaya, hayaƙi kaɗan, sai salati. In an yi sa'a ya tsira, ya zo da ɗabi'ar gidansu, yana neman takardar can mai milimita 216 da 279, mu kuma A4 muke da ita, 210 da 297. Sai ya tsaya cak, fitila tana ƙiftawa, yana jiran takardar da babu ita ko a kasuwar Dole. Alhaji ya ce lafiyarsa lau ya kawo shi, hannu ne ya yi masa yawa.

Mai kle ba ruwansa da duk wannan. Bai yarda da abin da bai gani da idonsa ba. Ya kwafe takardarsa a kle, ya taka har ɗakin inji, ya tashi wanda ke zaune ya soka. Ta hanyarsa ce cutar da Boka ke nema take zagaya biro. Ƙanensa na zamani ya ma fi shi: ya tura wa mai shagon fotokopi na bakin tasha ta WhatsApp, ya biya daga aljihunsa, ya dawo kafin a gama gardama.

Hajiya sakatariya ita ce ke riƙe da arzikin gidan. Takarda tana cikin durowarta a kulle, ganye-ganye take bayarwa. "Ɗana, shafi nawa ne?" "Uku, Hajiya." Ta ƙirga uku, ta sake ƙirgawa. Abin da ya sa ta tsani rezo ke nan: da can sai ka zo gabanta ta ga fuskarka ta ga abin da za ka buga, yanzu kowa daga ɗakinsa yake yi mata ɓarna ba sallama. Saboda haka ta samo dabara, ba ta barin ko ganye ɗaya a cikin inji. Ka danna daga nesa yadda kake so, ƙarshenta dai sai ka taso ka gaishe ta. In inji ya ce tawada ta ƙare, Hajiya ba ta yarda. Ta zaro kwalin, ta jijjiga shi hagu da dama, ta mayar, ya ƙara mako biyu. A nan ita ke da gaskiya, garin tawadar ne yake taruwa gefe ɗaya.

Malamin Hausa, wanda ke zuwa roƙon a buga masa tambayoyin jarrabawa, nasa kukan daban. Shafinsa yana fitowa, amma duk inda ya sa ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ sai ya tarar da ɗan akwati fanko, don kwamfutar da aka buɗe takardar a kanta ba ta da salon rubutun da ya yi amfani da shi. An ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, amma labarin bai iso wa injin ba. Malamin ya haƙura ya cire ƙugiyoyin duka, ya buga, ya zauna a benci da alƙalami yana sa wa kowane baƙi lanƙwasarsa da hannu, shafi sittin. Da an mayar masa da takardar PDF tun a kwamfutarsa da an huta, sai dai wanda zai gaya masa yana cikin jarrabawa.

Wanda ya fi kowa sanin injin ba a taɓa tambayarsa. Baba masinja ne, mai shara da kai takardu, wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka yi watanni ana fama har zuwa Maris 2024, shi ne mai kunnawa da kashewa kullum, kuma yana lura. Ya gane in wuta ta dawo aka kunna komai lokaci ɗaya, inji yana riga akwatin rezo shiryawa, ya nemi lamba bai samu mai ba shi ba, sai ya laƙaba wa kansa wata mai farawa da 169 wadda babu kwamfutar da ta san ta. Baba bai san 169 ba. Abin da ya sani shi ne, a fara kunna ƙaramin, a jira fitilunsa su daina rawa, sannan a kunna babban. Ya san ba a ɗora babban a kan wutar sola, don ƙarfen da ke gasa tawada a cikinsa yana kai zafin digiri kusan 200, yana tashi batir ya yi kuka komai ya mutu. In hunturu ya shigo inji ya riƙa zamewa bai ɗaukar takarda, Baba ya jiƙa bakin rawaninsa ya goge robar da ke jan ta, ya karkaɗa ganyen ya hura musu iska. Yana gamawa inji ya ɗauka, Boka da ke zaune gaban allo ya miƙe ya ce, "Na gyara." Baba ya ɗauki tsintsiyarsa. Ni da za a bi tawa, shi za a riƙa turawa taron ƙara wa juna sani, da kuɗin guzurin.

Kada a ce abin namu ne mu kaɗai. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, wani mai suna Richard Stallman ya sha irin wannan jeka-ka-dawo: injin Xerox yana wani bene, takarda tana maƙalewa, mutum ya tako ya tarar babu komai. Ya nemi a ba shi asalin rubutun manhajar ya gyara ta yadda za ta riƙa sanar da mutane, aka hana shi. Haushin yana cikin abin da ya kai shi kafa shirin GNU a 1983, na manhajar da kowa ke da ikon buɗewa ya gyara. Namu mai zuciyar in ya fusata marin injin yake yi a gefe, kuma wani lokaci yana tashi.

Sai mai rabon shan kunya. Kwamfutarsa tana ɗauke da sunayen inji har huɗu, duk iri ɗaya, ragowar gyare-gyaren ɗan koyon aiki da na Boka: wani mai (1) a gaba, wani mai (2). Ɗaya na shagon da aka taɓa kai ta gyara ne, biyu matattu, ɗaya na ɗakin Shef. Yakan bari sai kowa ya tafi masallaci ya buga abin da ya shafe shi: katin ɗaurin aure, takardar neman aiki a wata ƙungiya, wani lokaci wasiƙar da ba a so uwargida ta gani. Na ji labarin wani da ya kwana uku yana tsara takardar ƙorafi a kan maigidansa, zai aika sama a ɓoye. Ya so ya ajiye ta ne kawai, hannu ya zame ya danna bugu. Sai ya ji gurnani daga ɗakin da bai kamata ba. Ya fita da gudu ba takalmi, ya yi sallama murya na rawa. Ya tarar maigida ya riga ya zaro ta tare da sauran takardun ranar, ya sa mata hannu, ya buga hatimi, yana miƙo masa ba tare da ya ɗago kai ba: "Ungo, a kai wa Hajiya ta sa lamba, a aika yau."