Shekarunta Nawa? Alƙalan Bakin Filin Makaranta

Da zarar hazo ya fara janyewa, zango na biyu ya kankama, sai makarantun Dutsin-Ma da na Kurfi su shiga haramar gasar wasannin gidaje, wadda malamai da ɗalibai suke kira inta-haus. A ja layi da toka, a yi hayar rumfa da kujerun roba, a aika wa masu hannu da shuni takardar gayyata. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ake jin jiki shi ne ranar rubuta sunaye, ranar da za a kasa 'yan mata kashi biyu, ƙanana da manya, a ce wance za ta yi tseren mita 100 da waɗannan, wance kuma da waɗancan. Tambayar guda ce, shekarunta nawa, amma masu amsawa suna da yawa, kuma kowa da irin kalandarsa.

Malamin wasanni, mai usur a wuya, ya daɗe da yanke ƙauna daga takarda. Ma'auninsa bangon ofis ne. Akwai wani zane da ya yi da gawayi tun zamanin firinsifal ɗin da ya yi ritaya: wadda kanta ya wuce zanen babba ce, wadda ba ta kai ba ƙarama. Yarinya ta ce, "Malam, wallahi aji ɗaya nake." Ya ce, "To je ki gaya wa ƙafafunki." Ba za a ce wauta ce zalla ba, domin 'yan damben gargajiya ma haka suka gada, babu sikeli babu takardar haihuwa, ido ne yake haɗa kowa da daidai shi. Sai dai jikin 'ya mace ba ya jiran bango. Likitocin yara sun ce girman balaga yakan fara mata ne tsakanin shekara 8 zuwa 13, yawanci kafin sa'anta namiji, saboda haka a aji guda sai ka ga wata ta zarce wata da taƙi guda alhali wata biyu ne tsakaninsu. Da wannan ma'auni ake jefa doguwa 'yar shekara 11 cikin 'yan 16, gajeruwa 'yar 15 kuma ta yi ta kwashe kyautar ƙanana, bokitin roba bayan bokitin roba, har ta gama makaranta.

In aka matsa wa Malam ya nemi shaida, sai a aika a kira Baba mai kalanda uku. Zai zo da jakar leda. A rajistar firamare akwai rana ɗaya, a katin ɗan ƙasa akwai wata, a takardar rantsuwar da aka yi a kotu akwai ta uku. Ya baje su a tebur ya ce, "Malam, wacce kake buƙata?" Bawan Allah ba maƙaryaci ba ne. A gida aka haifi yarinyar, ungozoma ba ta riƙe biro, kuma ba wanda ya je wajen Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa karɓar takardar haihuwa a lokacin. Yana tune da ragon suna, launinsa da kuɗinsa da wanda ya sayar masa, amma kwanan wata ya tafi. Duk ma'aikacin da ya tambaye shi, sai su yi shawara su tsayar da wadda ta dace da buƙatar ranar. Abin da ya sa ke nan in ka duba rajistar wasu makarantu za ka rantse babu ranar da matan ƙasar nan suka fi haihuwa kamar 1 ga Janairu.

Wadda ta san gaskiya tana gida, kuma ba a gayyatar ta. Kakar yarinyar ce. Ita ba ta san Janairu ba, amma za ta ce maka, "Da damina aka haife ta, ana azumi, shekarar da Malam Umaru ya rasu." Duk wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga ta fi kotu daidai: Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010, azumin wannan shekara kuwa ya kama ne cikin Agusta. Ƙanwar yarinyar an haife ta "bayan an kawo jami'a", wato bayan 2011 da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Autar gidan kuma 'yar shekarar kulle ce, 2020. Matsalar Kaka biyu ce. Da azumi take ƙirga, shekarar Musulunci kuwa ta gaza ta Turawa da kamar kwana 11. Sannan har yau ba a buga fom mai gurbin "shekarar da Malam Umaru ya rasu" ba.

Uban gida mai son kofi shi ne ya fi kowa sanin amfanin wannan ruɗani. Malamin lissafi ne ko na tarihi da aka ɗora wa kula da Gidan Ja, ya kuma ɗauki abin tamkar sarautar gado. Shekara huɗu Gidan Shuɗi na cinyewa, ya yi alwashin bana ba za a sake ba. Dabararsa ita ce saukar da manya ƙasa. 'Yar aji biyar sai ta wayi gari 'yar aji biyu, a ce mata ta rage fara'a, ta riƙa sunkuyar da kai. In an fita gasar makarantu ta shiyya, abin yakan kai ga sojan gona, wato a tafi da wata da sunan wata, har a koya mata sunan mahaifin da ba nata ba. A kira suna sau uku tana kallon sama, sai ƙawarta ta zungure ta.

Shi dai ƙaramin ɗalibi ne a wannan fanni, manyan malaman suna sama. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, da Najeriya ta karɓi gasar 'yan ƙasa da 17, har aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta shigo da gwajin MRI na wuyan hannu, wanda yake duba ko ƙashin ya gama haɗewa. A Agustan 2016, ana gab da karawa da Nijar, 'yan wasa 26 na Najeriya suka faɗi gwajin. Najeriya ce ke riƙe da kofin duniya na 2015 a lokacin, amma Nijar ta fitar da ita tun a wasan share fage. In aka ba uban gida wannan labari, darasin da yake ɗauka shi ne a gode wa Allah da ba a kawo na'urar Kurfi ba.

Kishiyarsa shi ne Alhaji, uba mai gaggawa, wanda shi sama yake turawa. Ya ga 'yarsa ta tsere wa 'yan aji ɗaya, sai ya zo da babbar riga ya ce, "Malam, 'yata ta wuce wasa da yara, a sa ta cikin manya." Yana da hujja a baki: Asisat Oshoala, wadda ta zama gwarzuwar gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a Kanada a 2014, ta kuma fi kowa zura ƙwallo. Abin da yake mantawa shi ne a rukunin shekarunta ta yi wannan bajinta. Yarinyar da aka tura gaba da wuri takan zo ta ƙarshe sau biyu, ta ji ihun 'yan kallo, a karo na uku ta ce ƙafarta na ciwo, kuma ƙafar ba za ta sake warkewa ba. Masu horar da yara da suka san aikinsu sukan nemi matakin da yarinya za ta ci wani lokaci, a cinye ta wani lokaci. Matakan kuwa suna nan: cikin makaranta, shiyya, jiha, sannan gasar matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da 15, wadda aka sha yi a Ilori kafin ta koma Asaba. Alhaji so yake daga filin bayan aji a wuce Asaba kai tsaye, ba tare da an ko biya ta filin wasa na Muhammadu Dikko a Katsina ba.

Kowace shekara kuma akwai baƙo, ɗan koyon koyarwa daga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko daga jami'a, mai waya cike da bayani. Shi ya karanta yadda ake yi a Amurka, kuma ba zai bar kowa ya sha shayi ba sai ya ji. Akwai wasan da 'yan matansu suke yi, softbol, ɗan'uwan besbol, inda ake jefa ƙwallo ta ƙasan hannu a doke ta da kulki. Sun tsara rukuni bibbiyu: 'yan ƙasa da 8, 10, 12, 14, 16, 18, da rana guda tsayayya da ake lissafin shekarun kowa. 'Yan 10 suna wasa da ƙwallo mai kewayen inci 11, ana jefowa daga ƙafa 35. 'Yan 12 su koma mai inci 12 daga ƙafa 40, manya kuma ƙafa 43. A cikin kowane rukuni ma akwai aji-aji na ƙwarewa, A da B da C, ban da wasan unguwa na nishaɗi. Tsarin yana da kyau, babu musu, domin ya raba abu biyu da Malam ya haɗe a bango: shekaru daban, iyawa daban.

Ana cikin jinjina masa sai ya zarme ya ce a kai 'yan matan gwajin wuyan hannu. Nan ne karatun bai kai ba. Binciken likitocin wasanni ya nuna gwajin ba abin dogaro ba ne ga 'yan mata, saboda ƙashinsu yakan haɗe da wuri, 'yar shekara 15 ta gaskiya na iya faɗuwa. Amurkan ma ba ta tsira ba. A 2001, a gasar besbol ta yara ta Little League, an gano wani gwanin jifa na ƙungiyar Bronx da aka ce shekararsa 12 ashe 14 yake, aka soke duk nasarorin ƙungiyar. Uban gida mai son kofi ya ji daɗin wannan labari ƙwarai.

Duk waɗannan suna jayayya ne kan wane rukuni. Gwaggo ita rukuni biyu ta sani a duniya, yarinya da budurwa, kuma ita ke sanar da ranar da aka tsallaka. Za ta zo wuni, ta ga takalmin gudu a bakin ƙofa, ta riƙe haɓa: "Ke yanzu, gandamemiya da ke, ki kama tsalle gaban maza?" A ce mata da dogon wando da hijabi ake yi, tun 2014 ma dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai a fili. Ta ce ita ba da duniya take magana ba, da ɗan'uwanta take. Sau da yawa maganarta ce ke tsayawa, kuma wannan ne ya sa kuskuren sauran yake da tsada. Namiji in an zalunce shi bana, yana da filin unguwa da shekaru goma a gabansa. 'Ya mace a wannan yanki sau da yawa inta-haus uku ko huɗu gare ta gaba ɗaya. In bangon Malam ya ci ɗaya, kofin uban gida ya ci ɗaya, gaggawar Alhaji ta ci ɗaya, sauran na Gwaggo ne.

Akwai kuma mai ƙorafi, wanda ba ya ɓata lokaci. Tun kafin a busa usur ya rubuta takardar koke, ya bar gurbin suna kawai.

Su kuwa 'yan matan, da ba wanda ya tambaya, sun san komai. A dandalin gaɗa ko wajen carafke ba sa buƙatar alƙali, kowa ta san sa'arta, ta san wadda aka yaye kafin ita, ta san wadda suka shiga Islamiyya rana ɗaya. Unguwa ɗaya suka fito, iyayensu sun je barkar juna. Shi ya sa a layin tseren ƙanana za ka ga biyar sun yi tsuru-tsuru suna satar kallon ta shida, wadda ta sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mata. In Malam ya ja ɗaya gefe ya ce, "Ke, tsakaninki da Allah, wannan sa'arku ce?" sai ta duba hagu da dama, ta rage murya ta ce, "Malam, ai ita ta goye ni ranar bikin Anti."