Ɗabaƙoƙin Masu Tabon Zuciya a Littattafan Soyayyar 'Yan Jami'a

Tun daga zamanin da Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya da In Da So Da Ƙauna a 1991, har zuwa yau da labari ya baro takarda ya koma cikin wayar hannu, marubutanmu ba su gushe ba suna sauya wa masoya mazauni. A da a zaure ake haɗuwa, yanzu kuwa sai a harabar jami'a, kuma sharaɗi ne kowane ɗaya ya iso da wani tsohon ciwo ƙunshe a ƙirjinsa. Da yake Allah Ya nufe mu a nan Daura da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, ga kuma Kwalejin Yusuf Bala Usman tun tuni, na ga ya dace in yi muɗala'ar abin da ake rubutawa a kan ɗalibai, sai na iske mutanen ciki sun kasu ɗabaƙa ɗabaƙa.

Ta farko a daraja ita ce marainiya. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta, mahaifinta ya auro wata wadda ta ɗora mata tallan ƙosai da wankin tukwane, ta yi mata ƙazafin satar sarƙar gwal, ta nemi aurar da ita ga tsoho mai mata uku. Amma duk da wannan jarrabawa, wadda ɗaya bisa goma nata ya isa ya hana mutum haddace ko da Ahalari, ita ce ke zuwa ta ɗaya a aji, alhali marubuciya ba ta taɓa nuna mana ta riƙe littafi ba, sai dai a ranar da zai suɓuce daga hannunta a gaban saurayi. Tana firgita cikin dare, tana kuka a kowane babi, kwallinta kuwa bai taɓa zuba ba. Idan aka ce mata, "Baiwar Allah, me ke damunki?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu komai, Yaya," kuma a kan wannan "babu komai" za a gina littafi uku. Ba na yi mata dariya da yawa, domin wanda ya san gidajen garin nan ya san ba a yi ƙarya a ciwon ba. A wajen magani ne ruwayar ta yi rauni.

Maganin kuwa shi ne ɗabaƙa ta biyu, wato miskili. Shekarunsa ashirin da bakwai, ya gama likitanci a Ingila, yana da kamfani a Dubai, amma saboda wata hikima da ta ɓuya ga masu hankali, kullum yana jingine da baƙar mota a ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai mata. Ba ya dariya tun ranar da wata ta yaudare shi, magana kuwa sai ka ce da mudu ake auna masa. Farkon haɗuwarsa da marainiya ya fantsama mata ruwan taɓo, ta wanke shi da mari, ya rantse sai ya wulaƙanta ta, kuma ijma'in marubuta ya tabbata a kan cewa wannan rantsuwa ita ce muƙaddimar aure. Kada Badauri ya yi mamakinsa, domin mu muka fara saninsa: Bayajida, baƙo ɗan sarki daga Bagadaza, wanda ya baro gida cikin ɓacin rai, ya rasa rundunarsa a Barno, ya bar mace a Garun Gabas, ya shigo gari da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijiyar Kusugu, ya kuma auri Daurama. Bambancin kurum shi ne Bayajida ya sama wa jama'a ruwan sha, shi kuwa wannan bai tsinana wa kowa komai ba sai ƙamshin turare.

Akwai ƙawa mai fuska biyu, wadda ke share mata hawaye da rana, ta kai sunanta wurin boka da dare. Akwai malamin jami'a, wanda ba a ganinsa sai in zai kayar da yarinya a jarrabawa. Akwai kaka mai tsiya, wadda aikinta tauna goro da kiran jikanta "mijina". Wanda ba ya cikin lissafi ko kaɗan shi ne likitan ƙwaƙwalwa, domin a mazhabar waɗannan littattafai firgita aikin aljanu ce ko sammu, in ruƙiyya ta gaza sai lefe akwati goma sha biyu.

Sai kuma ɗabaƙar da ba a cikin littafin take ba, wato mai inkari. Za ka same shi a majalisa bayan la'asar, yana kafa hujja da ƙona irin waɗannan littattafai da aka yi a Kano a 2007, yana cewa su ne suka lalata tarbiyya, suka sa 'yan mata raina mai babur. Sai dai in ka yi haƙuri ka saurare shi, za ka ji ya san sunan kowace jaruma da na kishiyar uwarta, ya kuma san babin da aka yi marin. Da aka matsa masa, cewa ya yi a wayar uwargida ya gani, kuma don ya san sharri ya guje shi ne ya duba. Sa'an nan ya rage murya ya tambayi na kusa da shi ko an saki littafi na uku, don shi dai bai yarda yarinyar nan ta mutu a asibiti ba.