Ladubban Roƙo ga Masu Jiran Sabuwar Windows

Ya zama al'adar ma'abota kwamfuta, tun daga shekarar 1985 da kamfanin Microsoft ya fitar da Windows ta farko har ya zuwa yau, da zarar an ji ƙishin-ƙishin ana shirya wata sabuwa a can Redmond, garin da hedkwatar kamfanin take a ƙasar Amurka, sai kowa ya ɗauki alƙalami ya shiga lissafa abubuwan da yake fatan gani a cikinta, malami da almajiri, magatakarda da ɗan kasuwa, har da wanda bai san wani amfanin kwamfutarsa ba face kallon fim. Al'ada ce kyakkyawa, domin wanda zai wuni yana duban allo ɗaya daga hantsi zuwa magariba yana da haƙƙin faɗin albarkacin bakinsa a kan yadda za a tsara shi. Sai dai mafi yawan masu roƙon ba su san ladubbansa ba, suna ɓarnatar da takardarsu a kan launi da ƙawa, alhali manyan bukatunsu na nan jibge ba su ambata ba. Saboda haka na ga ya wajaba a tattara musu 'yan shawarwari, ko Allah ya sa a dace.

Abin da ya kamata mai roƙo ya fara sani shi ne, kafin ya nemi sabon abu, ya nemi a mayar masa da wanda aka ɗauke, domin tarihi ya tabbatar da cewa irin wannan roƙo shi ne mafi saurin karɓuwa. Ga hujja. A shekarar 1995 aka kawo maɓallin Start, aka ajiye shi a kusurwar hagu ta ƙasan allo, ya zauna nan shekara 17 har hannun mutane ya haddace hanyarsa, ko da ido a rufe linzami ya san inda zai nufa. Sai a 2012 Windows 8 ta fito babu shi, an shimfiɗe allo duka da manyan akwatuna masu launi waɗanda aka yi domin masu taɓa allo da yatsa. Duniya ta ɗauki kuka, dattijai a ofisoshi suka yi ta kai linzami kusurwar da babu kowa, har kamfanin ya mayar da maɓallin a 2013, sa'an nan ya mayar da jerin da ke bayansa a Windows 10 cikin 2015. Haka kuma da Windows 11 ta fito a watan Oktoba na 2021, aka wayi gari ba a iya jawo fayil a saka shi a kan dogon layin nan na ƙasan allo, aka yi ta koke, bayan shekara guda aka mayar. A wannan fitowar ce kuma aka kafe layin a ƙasa, bayan shekaru da dama mutum yana da ikon kai shi sama ko gefe yadda ya ga dama. To, ya kai ɗan'uwa, rubuta wannan a farkon takardarka da manyan baƙaƙe: duk abin da aka saba da shi a bar shi inda yake, wanda aka ɗauke a mayar, wanda aka mayar kuwa kada a sake ɗaukewa.

Game da zagaye kusurwoyin tagogi, da sabon hoton bango, da sautin da za ta yi in an kunna ta, kada ka ɓata tawadarka. Za su ba ka waɗannan ko ka roƙa ko ba ka roƙa ba.

Babbar mas'ala, wadda ta cancanci rabin takardar, ita ce ta sabuntawa. A nan sai mai roƙo ya yi hattara, kada fushi ya kai shi ga neman a soke ta baki ɗaya, gama wannan jahilci ne mai cutar da mai shi. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta auka wa kwamfutoci a ƙasashe masu yawa, ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali maganin ɓarakar da ta bi ta shiga ya fito tun watan Maris, waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su saka shi ba. Saboda haka gyare-gyaren da kamfanin ke aikowa ranar Talata ta biyu a kowane wata alheri ne, babu jayayya. Abin roƙo shi ne ladabin shigowarsu. Ƙaddara wani mai shagon buga takardu, janareta na tari da ragowar man da ke cikinsa, ga uban amarya tsaye a kansa yana jiran katin ɗaurin aure na gobe bayan sallar Juma'a, an gama jera sunayen waliyyai da na masu gayyata, saura a aika wa firinta, sai allo ya juye, wasu ɗigo-ɗigo suka shiga zagayawa, rubutu ya bayyana yana gargaɗin kada a kashe kwamfuta, an kai kashi 30 cikin ɗari. Uban amarya ya dubi mai shago, mai shago ya dubi janareta, kashi 30 kuwa ya zauna daram. Na san akwai damar ɗage sabuntawa har mako biyar, akwai kuma damar ware sa'o'in aiki har 18 a yini waɗanda ba za ta kashe kanta a cikinsu ba, amma an ɓoye waɗannan a lungunan da sai mai ilimi ke kai gare su. Ka roƙa a sa ta yi sallama tukuna, ta faɗi nauyin abin da za ta sauke domin mai sayen data da awo ya yi lissafinsa, ta faɗi mintocin da za ta ci bisa gaskiya, ta dubi batir ta ga ko zai kai, sa'an nan ta jira izini. Wanda ya ɗauki yaron gida ba ya ƙin a share masa ɗaki, amma ba zai yarda a ɗaga shi daga kan tabarma yana tsakiyar cin tuwo domin a yi sharar ba.

Daga nan sai ka wuce zuwa ga maɓallin da dukan al'ummar masu kwamfuta suka yi ijma'i a kan bukatarsa, wato maɓallin da ke cewa a'a. Sau da yawa kwamfuta kan tare mutum da tayi, ta ce ya ajiye fayilolinsa a OneDrive, ko ya koma shiga intanet da Edge, ko ya sayi wani abu na wata-wata, zaɓin da take bayarwa kuwa biyu ne: ya amince yanzu, ko a tuna masa bayan kwana uku. Mutum baligi mai hankali, wanda ya sayi na'urarsa da guminsa, ya isa a karɓi ƙinsa sau ɗaya a rubuta, ba a riƙa dawo masa da zance ɗaya duk bayan kwana uku ba kamar mai bin bashi. In wani ya ce maka abin ba zai yiwu ba, ka tuna masa cewa a ƙasashen Tarayyar Turai, da doka ta tilasta, kamfanin ya ba mutane ikon cire Edge ɗungurungum tun 2024. Abin da ya halatta ga mutumin Faransa da Jamus ba mu ga dalilin haramta shi ga saura ba. Ka haɗa da wannan a bar mutum ya kunna sabuwar kwamfutarsa ya sa mata suna ya fara aiki ba tare da an ce lalle sai ya shiga intanet ya buɗe asusu a wurin kamfanin ba, domin sharaɗin nan, wanda ya zo da Windows 11, an gindaya shi ne bisa zaton kowa na da intanet a ɗakinsa dare da rana, zaton kuwa bai inganta ba a mafi yawan duniya.

Sai batun sirri, wanda ba na so a yi wasa da shi. A watan Mayu na 2024 kamfanin ya ba da sanarwar wani abu mai suna Recall, wanda aikinsa shi ne ɗaukar hoton allonka a kai a kai yana tarawa, domin in ka manta inda ka ga wani abu ya nemo maka. Masana tsaro suka tashi haiƙan, aka ɗage fitowarsa, aka ƙara masa makullai, aka kuma mai da shi sai wanda ya kunna da kansa. Wannan gyara ya yi daidai, shi ne kuma ƙa'idar da za ka roƙa a ɗora kowane sabon abu a kanta, musamman mataimakan nan masu ƙirƙirarriyar basira irin su Copilot, wanda har maɓalli na musamman aka yi masa a jikin sababbin kwamfutoci. Mai so ya kira shi, ya sha amfaninsa, Allah ya ba da sa'a. Wanda ba ya so kuwa a bar masa allonsa wayam, kada ya buɗe wurin rubuta wasiƙa ya tarar da mataimaki ya riga shi zama. Wasiƙar mutum zuwa ga iyalinsa da lissafin bashin da ake binsa amana ce a hannun na'ura, ba a leƙa amana sai da yardar mai ita.

Akwai kuma roƙon da za ka yi ba domin kanka kaɗai ba. Windows 11 ta zo da sharuɗɗan da suka bar ɗimbin kwamfutoci a baya: sai mai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sai kuma mai ƙwaƙwalwar da ba ta girmi zuriya ta takwas ta Intel ba, ko makamanciyarta. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuwa kamfanin ya janye kulawarsa ta yau da kullum daga Windows 10, sai ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Kwamfutocin da wannan hukunci ya hau kansu lafiyarsu lau, suna rubutu, suna lissafi, suna shiga intanet, irinsu ne kuma ake lodowa daga ofisoshin Turai da Amurka zuwa kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja, daga nan su watsu cikin ƙasa, su zama kwamfutar farko ta ɗalibin jami'a da ta mai shagon hoto. Hana irin waɗannan na'urori kariya, har a tilasta wa masu su jefar da abin da ke aiki, almubazzaranci ne, kuma talaka ne ke biyan kuɗinsa. Ka roƙa a yi wata Windows mara nauyi, wadda aka sauke mata kayan ado, wadda za ta gudana a kan tsohuwar na'ura ta ci gaba da samun gyaran tsaro, ko da an rage mata wasu abubuwan da sai sabuwa ke iyawa. In takardarka ta cika har sai ka soke wani abu, soke na layin ƙasan allo ka bar wannan.

Mu masu rubutu da Hausa muna da tamu bukata ta daban, kada kunya ta sa ka bar ta. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne ke ɗauke da su ba, shi ya sa za ka ga kalma ta taho tsaf sai harafi ɗaya a tsakiyarta ya fito da wata siffa dabam, ko ya zama ɗan akwati fanko. Ka roƙa duk salon rubutun da zai zo tare da Windows ya zo da su cikakku, a kuma sauƙaƙa hanyar buga su, sa'an nan a koya wa wurin neman fayil cewa wanda ya rubuta kasa yana iya zama ƙasa yake nema, ya kawo masa duka biyun ya zaɓa.

In ka gama tsara bukatunka, to, kada ka zube su a dandalin hira inda abokanka kaɗai za su gani su ce gaskiya ne. Kamfanin yana da akwatin koke a cikin Windows kanta, sunansa Feedback Hub, ana buɗe shi da danna maɓallin Windows tare da harafin F. Kafin ka rubuta, bincika ko wani ya riga ka, in ka samu sai ka ƙara masa ƙuri'arka, domin koke ɗaya mai ƙuri'a dubu ya fi koke dubu masu ƙuri'a ɗai-ɗai nauyi a ma'auninsu. Ka sa bukata ɗaya a kowace takarda, ka faɗi abin da ka yi da abin da ya faru da abin da ka so ya faru, ka liƙa hoton allo in da hali. Ka guji zagi, gama wanda zai karanta ma'aikaci ne mai iyali, wataƙila shi ma kwamfutarsa ta kashe kanta da safiyar nan. Mai ƙarfin hali, wanda yake da kwamfuta ta biyu wadda ba a kanta abincinsa yake ba, yana iya shiga shirin Windows Insider da aka buɗe a 2014, ya riƙa gwada sababbin abubuwa tun suna ɗanye, ya kai ƙararsu kafin su iso ga jama'a. Wanda kuwa kwamfutarsa ɗaya ce tak, kuma a cikinta kundin digirinsa yake, ya tsaya a kan ƙuri'a, ya kuma kwafe kundin a filash guda biyu kafin Talata ta biyu ta watan gobe.