Ranar Awo Ba A Ɓoyon Tumbi

Shekara goma sha huɗu ina koyarwa, ban taɓa sa kwat ba. Kaftani da hula sun ishe ni, ranar Juma'a in ɗora babbar riga in fita kamar mai neman sarauta. Sai bana shugaban makarantarmu ya dawo daga wani taro a Abuja da sabuwar doka: ranar bikin yaye ɗalibai, kowane malami namiji ya zo da kwat. Ni kuma aka ɗora mini karanta sunayen masu karɓar kyauta, wato ni ne zan tsaya gaban lasifika kowa yana kallona.

Telan farko da na je wurinsa ya faɗi kuɗin da ya kusa sayen buhun shinkafa, na yi masa sallama. Na gangara Ƙofar Wambai wurin 'yan gwanjo. Wadda ta zauna mini a kafaɗa, hannunta ya rufe yatsuna. Da alama Baturen da ya bar ta ya fi ni tsawo da kamu guda. Wadda hannunta ya yi daidai kuwa, ko ƙanena ba za ta shiga ba. A hanyar gida dabara ta faɗo mini: ai ina da tela a ɗaka, ga keken Butterfly da ta zo da shi a kayan aure, shekara da shekaru tana ɗinka wa matan unguwa riga da siket.

"Baban Ummi, ni fa ban taɓa ɗinka kwat ba," in ji ta.

Na ce, "Haba Maman Ummi, ɗinki ai ɗinki ne. Keken ya san namiji da mace ne?"

Washegari na shiga Kantin Kwari, na sayo yadi uku ruwan toka, da na shafi, da gam, da soson kafaɗa, da maɓallai. Ta ce a fara gwada yankan a kan akoko mai araha, in ya zauna sai a taɓa yadin kirki. Na ce wannan almubazzaranci ne.

Aka yi awo ranar 27 ga watan azumi, da La'asar sakaliya, lokacin da cikin mutum ya manne da bayansa. Duk da haka, da tef ya zo kan tumbi, sai na shaƙi iska na haɗiye ciki, na banƙaro ƙirji kamar sabon ɗan sanda.

"Saki numfashi mana, Baban Ummi."

"Haka Allah ya yi ni," na faɗa da ƙyar.

Ta dube ni, ta dubi tef, ta rubuta inci 36.

Daga nan ɗinkin Ƙaramar Sallah ya danne nawa, kafin ta farfaɗo na Babbar Sallah ya taso. Tsakanin Sallolin nan biyu wata biyu ne da kwana goma, kuma ban yi wasa da kwana ko ɗaya ba. Na rama bashin azumi, na bi da soyen layya, da kai da ƙafa, da dambun nama. Kwat ba ta fito daga keke ba sai saura kwana tara biki.

Babbar riga uwa ce, rufin asiri ta sani. Ko ka ƙara ƙiba ko ka rame, ba za ta faɗa wa kowa ba. Kwat kuwa 'yar tonon silili ce. Ina zura ta na ji hannuwana sun koma baya, kamar kazar da aka kama za a kai kasuwa. Kwala ta tsaya can nesa da wuyana, kamar mun yi faɗa. Tsakanin maɓalli da ƙofarsa yatsu huɗu ne cur, ga tumbi ya leƙo ta tsakiya yana gaida jama'a. Ummi ta dube ni ta ce, "Baba, tashi sama za ka yi?"

Muka shiga gyara. Ta farke kabun gefe ta saki, amma abin da ta bari a ciki rabin inci ne kacal, don a kan 36 ta yanka. Ta saki na tsakiyar baya har zare ya kai bakin yadi. Gaba ya ɗan matso, baya kuma ya tashi kamar jelar agwagwa. Na lura saman hannun ya tattare, ta ce ai ya fi ramin hammata faɗi, da ƙyar ta cusa shi. Na ba da fatawa nan take: a datse rarar. Ta datse. Tattarewa ta tafi, amma daga ranar ko kunnena ba na iya sosawa. Soson kafaɗa kuma na ga ya yi siriri, na yanko na tsohuwar katifa na cusa, na fito kamar ɗan dambe da ya kumbura. Da daddare, bayan ta yi barci, na ɗauki reza in ɗan buɗe hammata, na yanke shafi har da yadi. Garin neman gira aka rasa ido.

Da safe ta ga aikina, ba ta ce uffan ba. Ta ninke kwat a leda, ta kwatanta mini shagon wani dattijon tela a Sabon Gari, wanda ya tsufa a kan ɗinkin kwat.

Baba tela ya shimfiɗa ta a tebur, ya daɗe yana jujjuya ta kamar likita da majinyaci.

"Mai ɗinkin nan tana da hannu," in ji shi. "Kabunta a miƙe yake. Sai dai ta sa hannun dama a hagu, na hagu a dama. Saki hannunka, Malam, ka gani. Ba ya ɗan lanƙwasa gaba? Haka ake yanka hannun kwat, kowane da ɓangarensa. Maɓalli kuma na maza a dama yake, ɓarin hagu ya hau kansa. Wannan na mata ne. Wa ya datse saman hannun?"

Na ce shawara ce aka yi.

"Muguwar shawara. Da gangan ake barin rarar nan, a tattara ta da zare, a kwantar da ita da dutsen guga da jiƙaƙƙen ƙyalle, ita ke ba hannu wurin motsi. Kwat a kafaɗa take rataye. Ƙugu ana iya saki ko a rage inci ɗaya ko biyu, tsawon hannu ma haka, amma kafaɗa in ta ɓaci, sai sabon yanka." Ya zaro soson katifa da yatsu biyu, ya ajiye gefe bai tambaya ba. Ya ce ko telolin titin Savile Row na Landan, da duniya ta sallama musu, harhaɗa kwat suke fara yi da farin zaren wucin gadi, mai ita ya zo gwaji sau biyu ko uku kafin a ɗinke. Sannan ya zagaya tef a cikina: inci 41.

"Wa ya auna ka?"

"Maiɗakina ce, Baba."

"Wa ya riƙe numfashi?"

Na dubi silin.

Ya mayar da kowane hannu gidansa, ya toshe ɓarnar reza, ya juya maɓallai, ya karɓi kuɗin da in an haɗa da na yadi sun haura rabin buhun shinkafar da na guda. Ya yi mini gargaɗi ɗaya: kada in kuskura in ɓalla maɓalli, in bar ta a buɗe.

Ranar biki na ga malamin Turanci ya ɓalla tasa, ta zauna masa tsaf. Zuciya ta ce da me ya fi ka? Na haɗiye ciki na ɓalla. Na karanta sunaye goma sha biyu da numfashi rabi-rabi, murya kamar ta mai kiran sallah da mura. Ana cikin haka iska ta kaɗe takardar ta faɗi, na sunkuya in ɗauka. Maɓalli ya tashi kamar harsashi ya bugi makirfo, ƙwas! Kabun baya ya amsa, ɓarrr, daga kwala har ƙasa, lasifika ta kai labari har bakin ƙofar makaranta. Ɗalibai suka ɗauki tafi, iyaye mata suka rufe baki da mayafi. Sauran sunayen na karanta su bayana manne da bango, da aka tashi kuma na fita da baya-baya kamar mai barin gaban sarki.

A gida Maman Ummi ta ɗaga kwat ɗin, ta leƙo ni ta cikin yagar, ta ce, "Baban Ummi, in ɗauko tef, ko har yanzu haka Allah ya yi ka?"

Yanzu an yanka wa ɗana Abba 'yar shara da abin da ya rage, ta kuma yi masa kyau. Kai kuma mai karatu, in za ka ɗinka kwat, ka ci ka ƙoshi kafin awo, ka saki cikinka, ka yarda a fara gwadawa a akoko. Tela zai iya rufa maka asiri, amma maɓalli ba ya karɓar cin hanci.