Duk Inda Alhaji Ya Dosa, Gabas Ne

Akwai wani Alhaji a garinmu Kontagora. Ba zan faɗi unguwarsa ba, don kowace na ambata sai an sami wanda zai ce da shi nake. Da dillancin hatsi ya fara, masara da dawa da waken soya, yana lodin tireloli zuwa kudu ta hanyar Mokwa. Allah ya buɗa masa, ƙofar gidansa ta cika da jama'a, har aka ɗora shi kan wani shugabanci wanda shi ma ba sai na faɗa ba. Ni labarin motarsa kaɗai na zo bayarwa.

Bara, bayan Babbar Sallah, ya dawo daga Kano da wata 'yar na'ura a cikin kwali, girmanta bai wuce akwatin ashana biyu ba. Kamfas ce ta zamani mai aiki da wutar mota. Ba ta da allurar nan mai rawa irin ta kamfas ɗin da alhazai ke dawowa da ita manne a jikin darduma. Fuska gare ta kamar ta agogon hannu, tana nuna harafi da lamba: N arewa, E gabas, S kudu, W yamma, lambar kuma daga sifili zuwa 359. In ba shi haƙƙinsa, niyyar da ya saye ta da ita mai kyau ce. Mutum ne matafiyi, yau Yauri, gobe Rijau, jibi Minna, sallah takan riske shi a daji. Wani malami kuma ya taɓa gaya masa cewa alƙiblar Kontagora ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 67, alhali gabas ta tsaya a 90. Tun daga ranar abin yake ransa. Yana son abin da zai riƙa gaya masa gaskiya ko da babu masallaci a kusa.

Sai dai kafin kamfas ta zo, akwai waɗanda suka riga ta shiga motar. Wani mawaƙi ya yi wa Alhaji waƙa da kalangu, ya jero kakanninsa har da waɗanda shi kansa Alhajin bai san da su ba. Sifikun da kamfani ya sa wa motar a jikin ƙofa suke, daga ƙasa, Alhaji kuwa ya ce kirarinsa ba zai riƙa fitowa ta wajen takalminsa ba. Aka sayo manyan sifiku biyu aka dasa a kan dashbod, ɗaya a gaban direba, ɗaya a gaban kujerar mai gida. Idan motar ta taho, kafin ka ga ƙurarta ka ji sunansa.

Ranar da za a manna kamfas, na yi dace ina garejin da aka kawo motar, an cire wa tawa tsohuwar motar batir. Mai rewayar saurayi ne, testa a maƙale a kunne, yatsunsa duk tabon ƙunar waya. Ya buɗe kwalin, ya karanta 'yar takardar da ke ciki a tsanake, sannan ya tambayi inda za a sa ta. Alhaji ya ɗora yatsa a gefen sifikar da ke gabansa, tazarar ba ta kai taƙi ɗaya ba.

Saurayin bai yi musu ba. Ya duƙa ya tsinci wata 'yar ƙusa a ƙasa, ya ɗora ta a tafin hannu, ya matsa da ita kusa da ragar sifikar. Ƙusar ta yi tsalle ta manne, ƙas! Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gani? Mayen ƙarfe ne a cikinta, shi ke sa ta magana. Ita kuwa wannan na'ura, jan da ƙasa ke yi take saurara, kuma jan ƙasa ba shi da ƙarfi, ko wannan ƙusar ba zai iya motsawa ba. Idan na ajiye ta a nan, sifikar za ta riƙa ji, ba ƙasa ba. A bari in kai ta can saman gilashi kusa da madubi, nesa da sifika, nesa da wayoyin esi da na waifa, don su ma idan wuta ta bi ta cikinsu suna ja."

Alhaji ya ce can sama sai ya ɗaga kai kafin ya gan ta, shi kuwa bai sayi abu da kuɗinsa don ya riƙa ɗaga masa kai ba. 'Yan rakiyarsa uku da ke tsaye suka ce wannan gaskiya ne.

Saurayin ya shafe wurin da tsumma, ya ɓare takardar gam, ya danna na'urar inda aka ce, ya ja mata waya ya haɗa da fis. Ta kama. Sai ya ce saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Dole a kai motar fili, ko filin Idi ko na ƙwallo, inda babu turakun lantarki da tulin ƙarafa, a danna maɓalli, a yi zagaye cikakke sau biyu a hankali, kamar tafiyar mai jan amalanke. Ya yi bayanin dalili, kuma har yau ban manta da shi ba. Mota gaba ɗayanta ƙarfe ce, tana da nata ja. Idan ana zagayen nan, na'urar tana lura: jan da ya bi motar duk inda ta juya, na motar ne, sai ta cire shi daga lissafi. Wanda bai bi motar ba, ya tsaya inda yake, shi ne na ƙasa, shi za ta riƙe. Ya ƙara da cewa a inda aka sa ta ɗin nan ko zagayen ba lalle ya ishe ta ba, amma a gwada.

Nan fa aka taɓo Alhaji. Ya ce, "Kai yaro, da girmana da rawanina, in shiga fili ina zagaye kamar ɗan koyon tuƙi? Mutanen gari su taru su ce Alhaji ya rasa hanya?" Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ya ce ai Alhaji ya gama zagaye tun lokacin neman kujera, babu lungun da bai shiga ba, yanzu lokacin tafiya gaba ne. Aka yi dariya, aka biya saurayin, har da ƙarin na goro. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya koma kan batir ɗina bai ƙara cewa komai ba.

Abin da ya biyo baya, direban Alhaji ne ya ba ni labarinsa. Dattijo ne, ya fi shekara ashirin yana jan motar haya tsakanin Kontagora da Sakkwato kafin ya kama wannan aiki, irin mutanen da ke gane gari da launin ƙasarsa.

Tun daga ƙofar gareji na'urar ta nuna E, lambar tana lilo tsakanin 70 da 80. Suka karya kwana, E. Suka zagaya shataletale, ta ɗan girgiza ta dawo E. Aka ɗauki hanyar Tegina, E, nan dai babu wanda zai yi gardama sosai. Washegari aka ɗauki hanyar Mokwa, wadda yaron goye ma ya san kudu ta nufa, na'ura ta ce E. Direba ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, anya wannan abu lafiya take?" Kafin Alhaji ya buɗe baki, na kujerar baya ya riga shi: "Malam, kai dai riƙe sitiyarinka. Ba ka ga ishara ba? Bawan Allah duk inda ya sa gaba, alƙibla ce." Sauran suka amsa kamar 'yan amshin Shata. Alhaji ya yi murmushi, ya ƙara wa waƙarsa murya. Direba ya ce mini daga ranar ya kama bakinsa, yana da 'ya'ya bakwai.

Ba zan ɓoye ba, na ɗan ji haushin dattijon nan. Amma da na tuna sau nawa ni ma na zauna a irin wannan mota na yi shiru, sai haushin ya ragu.

Sun yi makonni a haka ba abin da ya faru, don direba ba kamfas yake bi ba, hanyar da ya sani yake bi. Alhaji kuwa ya ɗauka na'urarsa ce ke kai su gida lafiya. Kuma isa gida lafiya a yankinmu ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka kwashe ɗaliban Islamiyya a Tegina a 2021, kowa ya san akwai kwanar da idan ka karya bisa kuskure, sai dai addu'a.

Ranar da asiri ya tonu, suna kan hanyar Yauri, la'asar ta yi sakaliya. Suka tsaya a gefen wata gona, aka yi alwala da ruwan jarka. Alhaji ya leƙa ya ga lamba 70, ya ce ga alƙibla nan daidai inda hancin mota ke kallo, a shimfiɗa darduma. Aka shimfiɗa. Suka jeru, rana tana dukan goshinsu har suna runtse ido, inuwarsu ta miƙe a bayansu doguwa.

Wani tsoho ne ya fito daga cikin dawa, fartanya a kafaɗa. Ya yi sallama, ya tsaya yana kallonsu. Ya ce, "Bayin Allah, ku baƙi ne?" Aka ce masa daga Kontagora suke, ga Alhaji wane. Tsohon bai san sunan ba, ko kuma ya yi kamar bai sani ba. Ya ce, "To, mu dai a nan, da la'asar inuwar mutum gabansa take faɗuwa idan zai yi sallah. Ban sani ba ko a birni an sake." Ya nuna musu da ƙotar fartanya, ya wuce abinsa. Direba ya tattara dardumai ya juya su ba tare da ya dubi kowa ba. Aka yi sallah, aka shiga mota. Har Yauri babu wanda ya kunna waƙa.

Da na kai wannan labari ga wani abokina mai koyar da kimiyya a nan Kontagora, na zaci zai yi dariya, sai ya ce Alhaji ya auna arziki tun da a tudu yake. Ya ba ni labarin wani jirgin ruwa mai suna Tayleur, sabo fil, na ƙarfe, a zamanin da Turawa suka fara barin jiragen katako. Ya tashi daga Libaful ta Ingila a watan Janairun 1854 zai tafi Ostireliya, da mutum sama da 600. Ƙarfen jikinsa ya ruɗa kamfas ɗinsa, matuƙa suna zaton kudu suka dosa, ashe yamma suke yi. Kwana biyu da tashi ya daki duwatsun tsibirin Lambay kusa da Dublin, wajen mutum 300 ko fiye suka halaka. Masu bincike suka ɗora laifi a kan waɗanda suka bar shi ya tashi ba a daidaita kamfas ɗinsa ba. Har yau, in ji shi, babban jirgi sai an juya shi ta kowace fuska ana gwada kamfas ɗinsa da alamar da aka tabbatar a tudu, kuma ba a taɓa jin kyaftin ya ce girmansa ya faɗi ba. Ya ƙara da cewa mu a Nijeriya mun ma yi sa'a, bambancin arewar kamfas da arewar taswira a wajenmu bai taka kara ya karya ba, saɓanin wasu ƙasashe. Kamfas a ƙasar nan, idan an bar ta ita kaɗai, ba ta da dalilin yin ƙarya.

Na so a ce a nan labarin ya ƙare, Alhaji ya koma gareji ya ce a mayar da ita saman gilashi. Ya koma ɗin kuwa, amma da faɗa. Ya ce an cuce shi, jabu aka sayar masa, na'ura maras amana wadda ta kunyata shi a gaban manomi. Ya sa aka ɓamɓare ta, ya jefa wa mai rewaya ya ce ya zubar. 'Yan rakiyar da suka ce ishara ce, su ne suka fi kowa zaginta, ɗaya ma ya rantse tun ranar farko bai yarda da ita ba. Aka aika Kano aka sayo wata mai tsada, mai haske kore. Saurayin ya sake ɗauko ƙusa, Alhaji ya ce ya ga wannan wasan tun tuni. Aka manna ta a kan tabon gam ɗin ta farko. Ita kuma ta yi wata biyu, aka sallame ta. Ta uku daga Dubai aka zo da ita, an yi ta yabonta kafin ta iso, wai ita ba ta san tsoron kowa ba. Sati uku ta yi.

Kwanan baya na koma garejin, saurayin ya jawo wata durowa ya nuna mini su ukun a jere. Ya ɗauko ƙaramin batir, muka fita bayan gareji ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, nesa da ƙarafa. Ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan wani benci na katako, yana juya su a hankali. Da hantsi ne, rana tana gabas. Duk ukun suka nuna inda ranar take, bakinsu ɗaya. Ya ce ya kai wa Alhaji saƙo ta hannun direba cewa kayansa lafiyarsu ƙalau, ya zo ya karɓa. Direban ya ce saƙon sai ya bi ta hannun na kujerar baya kafin ya isa.

Shekaranjiya motar ta wuce ni a bakin kasuwa, kalangu na tashi, an ƙara wa waƙar sababbin baitoci. Na ji an ce an riga an tura kuɗi a sayo ta huɗu. Sifikar tana nan inda take.