Mai Jiran Tauraruwa Ta Yi Mura

Matashiyar mawaƙiyar opera a Turai ba ta da ubangida sai maƙogwaronta. Shi ake naɗe wa gyale ko da rani, shi ke hana ta hira ranar wasa, domin babu makirufo za ta rera, ga gungun makaɗa na neman danne ta. Maƙwabta kuwa sun haddace atisayenta na safe, ba da son ransu ba.

Bayan shekaru tana fama da Italiyanci da Jamusanci, aikin farko shi ne jiran gado: ta haddace waƙoƙin tauraruwa tsaf, ta zauna bayan fage tana yi mata fatan lafiya, a baki dai. Ran da mura ta kama tauraruwar, sai matashiyar ta fito a wasan La Traviata na Verdi, tana mutuwa da tarin fuka amma ana jin muryarta har kujerar ƙarshe. Likitoci sun zura ido.

Jiran yakan biya. A 2006 'yan saman bene na gidan opera na La Scala a Milan suka yi wa mawaƙi Roberto Alagna ihu yana cikin wasan Aida, ya yi fushi ya fice. Mai jiransa ya faɗo fage da wandon jins, ya ɗora daga inda aka tsaya.